Bargo na Huɗu

Ƙarfe bakwai da kwata na safe aka kira Sufeto Jibirilla: wata jar motar tsere ta kaɗe ɗalibi a unguwar Malaz, ya cika nan take. Sunansa Sha'aban, ɗan Nijar ne mai karatun hadisi.

Ranar Riyadh ta tashi da sanyin digiri biyu. Jibirilla, wanda kakansa ya zo daga Haɗeja da ƙafa, ya duƙa yana duban kwalta. Ba baƙin sawun birki ko kaɗan, motar kuwa ta ƙare a jikin turken fitila. A jikin tayar baya ta dama ya zaro yagaggen bargo da ya nannaɗe.

Direban gidan mai motar, Tamimu, ya riga ya kai kansa ofis.

"Ni na tuƙa, yallaɓai," ya ce, kansa a ƙasa.

"Ina za ka da sassafe?"

"Shan mai."

"Tankin a cike yake, Malam Tamimu. Zame rigarka in ga kafaɗarka."

Babu ko ƙwarzane. Mutumin da ya daki turken fitila da irin wannan gudu, ai bel ɗin kujera zai bar masa shaida. Jibirilla bai son mai laifin da ya cika saurin amsawa. Wannan kuwa shekaru zai yi a kurkuku, sannan a tasa ƙeyarsa gida, amma sai ka ce hadda yake biyawa.

Makanikin 'yan sanda ya ƙwanƙwasa tayar da sifana. "Tayoyin zafi ne. In sanyi ya yi ƙasa da digiri bakwai robar sai ta ƙage, ta daina kama titi. A garin nan kowa zafi yake tsoro, wa ke tuna sanyi?"

Gidan yana Nasiriyya. Matar Tamimu, Hindatu, mai aikin girki a gidan, ta buɗe masa gareji, idanunta sun kumbura. Barguna uku na ninke a kan benci.

"Na mene ne waɗannan?"

"Na tayoyi ne. Mijina ya yi shekara shida yana tuƙi a Tabuk, ya ga abin da sanyi ke yi. Kullum sai ya lulluɓe su, kuma ba ya fitar da ita sai rana ta ɗaga. Duk gidan nan dariya ake masa."

"Wa ya ninke su?"

"Ni. A yashe na same su cikin baƙin mai, wajen bakwai saura."

Jibirilla ya san bargo ba wani ɗumi zai ba roba ba. Amma mai rufa wa taya bargo ba zai cilla shi cikin mai ba, ba kuma zai manta tayoyi huɗu ne da mota ba. Ya dubi inda motar ke tsayawa. Gefen dama manne yake da bango.

Alhaji Abdulmuɗɗalib, kafilin Tamimu, wato wanda takardar izinin zamansa ke hannunsa, ya tarbe shi a falo da gahawa. Da hannun dama kawai yake komai.

"Wallahi ina barci har ƙarfe tara," in ji shi. "Garejin ma yau ban leƙa ba."

"Direban naka mai ganganci ne?"

"Mahaukaci dai! Ka taɓa ganin mai hankali ya rufa wa mota barguna har uku?"

"Uku, Alhaji?"

"Uku mana."

Jibirilla ya ajiye yagaggen bargon a kan teburin gilashi. "Huɗu ne. Na huɗun yana gefen bango, mai gaggawa ba zai gan shi ba. Uku ka cire. Ɗaga mini hannunka na hagu."

Alhaji ya gwada, fuskarsa ta yamutse.

"Taro gare ni a Ulayya," ya ce a hankali. "Tamimu ya biyo ni da gudu yana cewa in ɗauki babbar mota. Na ce shi zai koya mini tuƙi? Na taka birki, wallahi na taka, ta ƙi tsayawa."

"Sai ka kira shi ya karɓi gawar a wuyansa."

"Na ce in ya ƙi, zan kai ƙara cewa shi da matarsa sun gudu daga aiki. Shi ke nan, ya yarda."

Abin ya ƙona wa Jibirilla rai, har ya kasa shanye gahawar.

Da la'asar aka sako Tamimu. A bakin ofis suka yi kiciɓis da Alhaji, ankwa a hannu, yana makyarkyata cikin farar jallabiya mara kauri. Hindatu ta zo wa mijinta da ɗaya daga bargunan. Tamimu ya dube shi, ya dubi ubangidansa, sannan ya yafa masa a kafaɗa.

"Riƙe, Alhaji. Can ciki akwai sanyi."