Kwana Tamanin da Jumana Ba Ta Sani Ba

Jumana na durƙushe a tsakar ɗaki tana danna kaya cikin akwati, yayarta Abir kuwa na kishingiɗe tana kurɓar gahawa, tana kallonta kamar wadda ta zautu. A Jidda ne, da hantsi. Rajab ne ko Sha'aban, wannan ya kwance mini.

"Tsibiri," in ji Abir. "Otal ɗin da aka buɗe watan jiya, wanda kwana ɗaya a cikinsa zai cinye albashin mijinki. Wa zai biya?"

"Ba mai biya, Yaya. Maki ne. Duk kwanan da ya yi a otal ɗin kamfanin nan sai su rubuta masa maki. Ya tara, suka ba shi kwana huɗu kyauta."

"To sannu, mai wayo. Kwana nawa namiji zai yi a waje kafin a ba shi tsibiri kyauta? Kin taɓa tambaya?"

"Aiki ke kai shi Dammam, kin sani."

"Na san abin da ya gaya miki dai."

Jumana ta ja zif ɗin akwati. Ta saba da irin wannan magana. Mijinta Hattan ɗan masunci ne daga Jazan, sana'arsa gyaran injunan asibiti. Mahaifin su Jumana, Siraj, kuwa mai shagon turare ne a tsohon gari, shagon da ƙamshinsa kan bi mutum har gida, ya kwana a rigarsa. Ya ɗaura auren ne don 'yarsa ta kafe, amma ya ce kada angon ya taka masa gida. Shekara uku bai taɓa ambaton sunansa ba, sai "yaron nan mai sukundireba". Tun rasuwar mahaifiyarsu Abir ta zama bakin uban. Shi kansa tsohon bana ba ya zama, kullum yana hanyar Riyad kan wata shari'ar fili, duk ya rame.

Washegari Jumana da Hattan suka hau jirgin sama, suka sauka, suka hau na ruwa. Sunan tsibirin ya ɓace mini, amma ruwansa garau yake, har kana hango kifi na wucewa ta ƙarƙashin jirgi. Otal ɗin na warin sabon fenti, wasu kujerun ma ba a gama ɓare musu leda ba. Ma'aikatan duk sababbi ne, abin da kwamfuta ta faɗa musu shi suke yi, ba ragi ba ƙari.

Yarinyar da ke karɓar baƙi ta duba allonta, ta miƙe tsaye don girmamawa.

"Barka da zuwa, yallaɓai. Muna godiya da kwana tamanin ɗin da kuka yi ku biyu a reshenmu na Riyad bana. Duk abin da kuka saba nema mun shirya muku shi a ɗaki." Ta juyo ga Jumana da murmushi. "Uwargida, ina fata za ki ji daɗin nan kamar yadda kika ji na can."

Jumana ba ta taɓa kwana a Riyad ba.

Ta dubi Hattan, ta ga fuskarsa ta yi fari fat, katin ɗaki a hannunsa.

"Riyad?" ta ce a hankali. "Ku biyu?"

"Jumana, ba abin da kike zato ba ne."

"Wace ce?"

"Na yi rantsuwa ba zan faɗa ba."

"Rantsuwa. Ita ka rantse mata, ni kuma ka yi mini ƙarya."

Ta fice ta bar shi tsaye, ta nufi gadar katako inda jirgi ya ajiye su, ta kira Abir tana kuka har maganarta na sarƙewa.

"Ban faɗa miki ba?" in ji Abir. "Kwana tamanin! Hau jirgi ki dawo yanzu. Bari in kira Baba, shi zai karɓo miki takardarki."

"Yaya, dakata tukuna..."

Abir ta riga ta kashe wayar.

Wani ma'aikaci ya ce mata jirgi ba ya komawa sai bayan la'asar. Ta zauna a bakin gadar, igiyar ruwa na dukan katako a ƙarƙashinta. Ta tuna shekara uku na mutumin da ko tsawa bai taɓa yi mata ba, wanda ake zaginsa a gidansu ya ce mata, "Ki je ki gaida Baba, kada ki biye mini." Ta tuna kuma muryar yarinyar nan tana cewa ku biyu. Zuciyarta ta ce ta tafi ko sallama babu. Amma ta share hawaye ta ce a ranta, ba zan rushe aurena a bakin gada ba, sai na dubi idonsa sau ɗaya. Akwatinta ma ma'aikata sun riga sun kai shi ɗakin.

Ta same shi zaune a bakin ƙofa, kansa a sunkuye. Ko shiga bai yi ba. Ta karɓi katin ta buɗe, tana jiran ta ga furanni da turaren wata mace.

Gado biyu ta gani, kowanne a gefensa. A banɗaki an ajiye kujerar roba a ƙarƙashin shawa, irin wadda ake zaunar da marar lafiya a yi masa wanka. A gefen gado ɗaya akwai ƙaramar roba ta amai, da Alƙur'ani mai manyan baƙaƙe. A kan tebur an rufe kwanon miyar sha'ir, an manna masa takarda: babu gishiri. Kusa da shi ga shayi da na'ana'ar Madina, ba sukari, a ƙaramin kofin gilashi. Mutum ɗaya ta sani a duniya mai shan shayi haka.

Ta ɗauki katin maraba da ke jingine da kwanon. An rubuta: Barka da zuwa, Malam Hattan da Malam Siraj.

Ta zauna a bakin gado. A daidai nan wayarta ta yi ƙara.

"Yayarki ta ce in karɓo miki saki," in ji muryar mahaifinta. "Me ya faru?"

"Baba... me kake zuwa yi Riyad?"

Sai tsohon ya fayyace mata gaskiya.

"Babu wani fili, 'yata. Ciwo ne a hanjina, mugun nan na daji. Na ɓoye muku, don na ga yadda jinyar uwarku ta yi da ku. Ranar da aka fara yi mini ƙarin maganin na zube a barandar asibiti, ba kowa nawa. Na buɗe ido na ga mijinki, an turo shi gyaran wani inji. Na ce ya rabu da ni, ya ƙi. Ya je ya roƙi a mayar da aikinsa Riyad daga Dammam. Shi ke goya ni zuwa mota, shi ke yi mini wanka, shi ke kwashe amaina. Ni kuma na sa ya dafa Alƙur'ani cewa ba zai faɗa muku ba. Makon jiya likita ya sallame ni, ya ce babu sauran komai." Sai ya ƙara da cewa, "Ba ni ɗana."

Jumana ta dubi wayar, ta dubi Hattan da ke tsaye a bakin ƙofa.

"Kai yake nufi," ta ce, ta miƙa masa.

Da ya gama wayar, yana goge ido da bayan hannu, ta tsaya a gabansa.

"Shekara guda kana yi mini ƙarya, Hattan."

"Na yi. Ki yafe mini."

"Da na hau jirgin nan fa?"

"Da na biyo ki da iyo. Kin manta ɗan wane ne ni?"

Ta yi dariya cikin kuka, ta kai masa duka a ƙirji.

Jirgin washegari ya kawo tsoho Siraj da Abir, wadda ta sauko tana jan mayafi tana rufe fuska. Ta tsaya gaban Hattan ta kasa haɗa ido da shi.

"Ƙanena, bakina ya cuce ni. Ka yafe."

"Ya wuce, Yaya. Sai dai ɗakinki ke za ki biya, makin ya ƙare."

Tsohon ya ɗaga murfin miyar da aka sake kawowa, ya yamutsa fuska ya ture ta. "Ɗana, je ka gaya musu na warke. Kifi nake so, irin gashin mutanenku, kuma a zuba gishiri."

Ku yara masu tasowa, ga abin da nake so ku riƙe. In an kawo muku magana a kan wanda kuke zaune da shi lafiya, ku yi haƙuri ku shiga ɗakin ku duba da idonku kafin ku yanke hukunci. Ku kuma iyaye, kada ku ɗora wa yaro asirin da zai iya cinye masa aure, kuma kada ku auna siriki da sana'ar ubansa. Wanda Siraj ya hana taka ƙofar gidansa, shi ne ya goya shi ranar da ƙafafunsa suka gaza.