Wando a Cikin Safa

Da aka yi hutun makaranta, Baba ya aro tanti a wurin abokin aikinsa. Ya ce za su je wurin shaƙatawa na bakin tafki su ɗan kwana biyu, shi da Mama da yaransu. Lokacin zafi ne, amma an samu ruwan sama, ciyawa ta yi tsawo ko'ina.

Babbar 'yarsu tana aji biyar a firamare. Kowa a gidan Yaya yake kiranta, har Baba, domin haka ƙanenta Auta yake ce mata. Shi Auta bai shiga makaranta ba tukuna. Aikinsa ɗaya a duniya shi ne kwaikwayon Yaya. In ta yi tari, ya yi tari. In ta ce ba ta son albasa, shi ma ya daina so, ko da jiya ya ci ya lashe yatsa.

Abin da Yaya ta ƙwallafa wa rai shi ne kwale-kwale. A ranar ƙarshe ake ɗaukar yara a zaga tafkin da su. Ko ganin kwale-kwalen ba ta yi ba, amma ta riga ta cika ƙawayenta na makaranta da labarinsa.

Sai dai akwai matsala ɗaya. Fatar Auta ba ta jure cizon ƙwaro. Sauro ɗaya zai cije shi, wurin ya kumbura, ya yi ta susa har ya zama ciwo. Saboda haka tun a mota Baba ya kafa sharaɗi.

"Ku ji da kyau," in ji shi. "In ƙwari suka yi wa yaron nan illa, naɗe tanti za mu yi mu koma gida. Ba kwale-kwale, ba komai."

Yaya ta ce ta ji. Auta ma ya ce ya ji.

Da suka isa, Mama ta hana a kafa tanti kusa da wani kwatami mai ruwa kwance. Ta ce nan ne gidan su sauro. Aka kafa shi a kan tudu, inda iska take kaɗawa. Ta ce duk wanda ya shiga tanti ko ya fita, ya ja zif ɗin ragar ƙofa har ƙasa. Bokiti kuma in an gama da shi a kife shi. Ta shafa wa yaran man korar ƙwari a wuya da damtse, amma ba ta sa wa Auta a tafin hannu ba, domin hannun nan ba ya rabuwa da bakinsa.

Duk wannan bai dami Yaya ba. Abin da ya dame ta shi ne doka ta ƙarshe. Mama ta durƙusa, ta kama ƙafar wandon Yaya, ta cusa a cikin safa. Ta yi wa Auta haka shi ma.

"Mama, wannan ai kamar mai zuwa gona," in ji Yaya.

"Akwai kaska a cikin ciyawa," in ji Mama. "Ita ba tashi take yi ba. Jira take yi a kan ganye, in ka gifta ta manne, ta hau ta ƙasan wando. In ta samu ƙofa a rufe, za a gan ta a waje a kakkaɓe ta."

Yaya ta dubi ƙafafunta, ta turo baki.

Ranar farko ta wuce lafiya. Washegari da la'asar, Yaya ta ja Auta suka je filin da yara suke buga ƙwallo. A can akwai wata yarinya daga tantin da ke kusa da nasu, tsarar Yaya, sanye da gajeren siket. Ta dubi ƙafafun Yaya, ta dubi na Auta, sai ta ƙyalƙyale da dariya. Ta tambaya ko ruwa za su tsallaka. Sauran yaran ma suka yi dariya, har da waɗanda ba su ji abin da aka ce ba.

Kunya ta kama Yaya. Ta waiga wajen tanti, ta ga Mama tana can tana wanke kwanuka. Sai ta sunkuya kamar mai gyara takalmi, ta zare wandonta daga safa.

Ba ta ce wa Auta komai ba, kuma ba ta buƙatar cewa. Kafin ta miƙe, ya zauna a ƙasa ya zare nasa. Da yake shi ba ya yin abu rabi, har safar ya tura ƙasa, ya naɗe wandon zuwa gwiwa.

Aka yi ta wasa. Can wani ya doka ƙwallo ta faɗa cikin doguwar ciyawa a gefen fili. Auta ya ruga ɗaukowa. Ciyawar ta kusa rufe shi, kansa kawai ake gani yana motsi. Ya fito da ƙwallo a hannu yana washe baki, yara suka yi masa tafi.

Da za su koma, Yaya ta tsaya a bayan wata bishiya. Ta mayar da wandonta cikin safa, ta sauke na Auta ta cusa masa tsaf.

Kowace yamma Mama tana duba jikin yaran kafin a shiga tanti. Ran nan tana sauri, domin tukunya tana kan wuta. Ta duba kan Auta da bayan kunnensa da hammatarsa. Ta dubi ƙafafunsa, ta ga wando yana nan yadda ta sa shi, sai ta tambayi Yaya ko haka suka yini. Yaya ta gyaɗa kai. Mama ta ce madalla, ta koma wajen girki.

Da safe, ranar kwale-kwale ta zo. Mama ta sa Yaya ta shirya Auta. Tana sa masa wando, sai ta ga wani ɗan baƙin abu a bayan gwiwarsa, bai fi ƙwayar riɗi ba. Ta hura masa iska, bai tashi ba. Ta kakkaɓe da yatsa, bai faɗi ba. Da ta matso da ido, ta ga yana da ƙananan ƙafafu, kuma fatar da ke gefensa ta yi ja.

Ta tuna maganar Baba a mota. Ta yi sauri ta ja wandon ta rufe wurin, ta cusa shi a safa. Ta ce a ranta za ta faɗa, amma sai an dawo daga tafki.

Suka tafi bakin ruwa suka shiga layi. Mai kwale-kwale yana raba wa yara rigunan da ke hana nutsewa. Layin yana matsawa, Auta yana ɗaga ƙafa ɗaya yana goga ta da ɗayar. Daga baya ya sunkuya ya fara susa da farce.

"Yaya, ƙafata tana yi mini ƙaiƙayi," in ji shi. Ya ɗago kai ya dube ta. "Ke ma taki tana yi?"

Ta ce a'a.

"To, ni ma tawa ba ta yi," in ji Auta. Ya ɗauke hannunsa, ya tsaya ƙyam, ya cije leɓe.

Yaya ta dube shi. Ƙafar tana damunsa, amma ya haƙura saboda ita. Tausayinsa ya kama ta, kunya kuma ta rufe ta, wadda ta fi ta jiya a filin ƙwallo. Mai kwale-kwale ya miƙo mata riga, ba ta karɓa ba. Ta juya ta riƙe hannun Mama.

"Mama, akwai kaska a ƙafar Auta. Tun da safe na gani. Jiya na cire wandona daga safa, shi ma ya cire, kuma ya shiga ciyawa."

Mama ba ta yi faɗa ba. Ta ɗaga wandon ta duba, ta ɗauki Auta, ta ce wa Baba su je ɗakin nas na wurin shaƙatawar. Suka fita daga layi. Suna tafiya Yaya ta ji ƙarar inji, kwale-kwale ya tashi ba tare da ita ba.

Ɗakin nas ƙarami ne, da gado ɗaya da tebur da akwatin magani. Nas ɗin ta kwantar da Auta ruf da ciki. Ta tambaya ko wani ya yi ƙoƙarin fizge kaskar ko matse ta, aka ce a'a. Ta ce gara haka, domin in an fizge ta da ƙarfi, bakinta yakan tsinke a cikin fata. Ta ɗauki matsefata ta kama ta daidai jikin fata, ta ja a hankali har ta fito gaba ɗaya. Ta wanke wurin da sabulu, ta shafa magani. Auta ya yi ɗan kuka, aka ba shi alewa ya manta.

Nas ta ce kaska tana iya sa wa mutum ciwo, kuma yawan daɗewarta a jiki, yawan haɗarin. Ta ce an yi sa'a an kawo shi da wuri. Su riƙa duba wurin, in ya yi zazzaɓi ko jan ya bazu, su kai shi asibiti.

Da suka fito, Yaya ta wuce cikin tanti ba wanda ya aike ta, ta fara naɗe bargo. Baba ya leƙo ya tambaye ta me take yi.

"Ka ce in an yi wa Auta illa, gida za mu koma," in ji ta. Hawaye yana zuba, amma ba ta daina naɗewa ba.

Baba ya zauna a bakin ƙofa. Ya ce laifinta biyu ne, cire wandon da kuma ɓoyewa, kuma na biyun ya fi girma, domin shi ya hana Mama gani tun jiya. Ya ce saboda haka wanke kwanukan yau duka nata ne.

"Amma kin faɗi gaskiya alhali kina gab da shiga kwale-kwale," in ji shi. "Shi ya sa ba a kai ga illa ba. Ajiye bargon nan. Na tambayi mai kwale-kwale, ya ce zai sake fita da la'asar."

Yaya ta wanke kwanuka tas, ta kife bokiti. Da la'asar suka shiga kwale-kwale su duka, Auta yana zaune a cinyarta yana ɗaga wa agwagi hannu. Bai yi zazzaɓi ba, ran nan ko bayan sun koma gida.

Daga nan Yaya ta gane cewa dokar da iyaye suka kafa don kare lafiya ba a karya ta saboda dariyar wasu. Ta kuma gane cewa duk abin da babba ya yi, ƙarami yana kallo, kuma zai yi. In kuskure ya riga ya faru, a faɗa da wuri, tun yana da sauƙin gyara.