Jiniyar Litinin ɗin Farko

Gwangwanin biskit na gidan Truus Kooiman yana da doka, kuma duk wanda ya taɓa shan kofi a falonta na Rotterdam ya san ta: a buɗe, baƙo ya ɗauki guda ɗaya, a rufe, a mayar kan kabad. Haka aka yi wa Henning ranar da Femke ta fara kawo shi gaban kakarta, sai dai shi ko gudan bai gama taunawa ba aka tambaye shi garinsu.

"Hamburg, Oma," in ji shi yana murmushi, domin su ma Jamusawa da wannan kalma suke kiran kaka.

Tsohuwar ta ajiye kofinta a hankali. "Ni ba Omarka ba ce, Madam Kooiman za ka ce. Kuma idan ka je gida, ka gaya musu har yanzu muna jiran kekunanmu."

Wannan daɗaɗɗiyar tsokana ce da mutanen Holan ke yi wa Jamusawa, saboda kekunan da sojojinsu suka ƙwace lokacin yaƙin duniya na biyu. A filin ƙwallo da dariya ake faɗinta. A bakin Truus kuwa babu alamar dariya.

Henning na fita Femke ta fashe da kuka.

"Haba Oma! Me ya yi miki? Ko babansa ba a haifa ba lokacin da aka yi yaƙin nan!"

"Ban ce ya yi mini komai ba."

"To fasfonsa ne laifinsa?"

"Ki aure shi idan kina so, ke ba yarinya ba ce. Amma kujerata za ta zauna babu kowa ranar, shi ke nan."

Wannan ce maganar da ta ɗaure Femke. Truus ce ta raine ta tun rasuwar mahaifiyarta, ita ta yi mata kitso, ita ta raka ta makaranta cikin ruwan sama. Femke ta gaya wa Henning gaskiya: ba za ta yi aure kakarta ba ta wurin ba. Shi kuwa, ma'aikacin gyaran injinan ɗaga kaya ne a tashar jiragen ruwa, mutum mai sanyin hali. Ya ce, "Oke, zan jira." Ya ci gaba da zuwa duk Lahadi, yana gyara famfo, yana ɗaukar biskit ɗinsa guda, yana cewa Madam. Hunturu ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa, tsohuwa ba ta motsa ba.

Akwai kuma wani abu da ya daɗe yana ba Femke mamaki. A Litinin ɗin farkon kowane wata, da sha biyun rana, ana gwada jiniyar gargaɗi a duk faɗin ƙasar. Ba wanda ke ɗaga kai. Mai cin burodi ya ci gaba da ci. Amma Truus, da zarar lokacin ya matso, sai ta ce za ta gyara tsintsiyoyi, ta shige ɗan ƙaramin ɗakin ajiya na ƙarƙashin matakalar bene, ta ja ƙofa. Tun Femke na ƙarama take tambaya, "Oma, tsintsiya nawa gare mu da ake gyara su kowane wata?" Amsar ba ta taɓa wuce, "Je ki wanke hannu," ba. Ta dai san jiragen Jamusawa sun yi wa birnin ruwan bama-bamai Truus na 'yar shekara takwas. Abin da ya wuce haka, bakin tsohuwa a kulle yake.

Ana nan sai Henning ya zo da roƙo. Kakansa Ewald, wanda shi ma shi ya raine shi, yana son ya zo da kansa ya gai da Madam.

"Yaushe?" in ji Truus.

"Litinin mai zuwa, idan ba damuwa."

Femke ta ga idon kakarta ya kai kan kalanda ya dawo. Litinin ɗin farkon wata ce. Amma girman kai bai bar ta ta ce a sauya ba. "Ya zo da hantsi," in ji ta. "Kofi ɗaya, biskit ɗaya. Kafin sha biyu ya kama hanya."

Sai jirgin ƙasa ya makara.

Rana ta kusa tsaka lokacin da Ewald ya shigo, dogon tsoho mai sanda, hularsa a hannu. Ba ya jin harshen Holan, Truus kuwa ta ce ita ba ta jin Jamusanci, don haka Henning ya zauna tsakani yana tafinta. Aka zuba kofi. Aka buɗe gwangwani, aka rufe. Ewald yana yabon furannin taga, Truus tana satar kallon agogo, yatsunta na murza gefen siket.

"Oma, lafiya?" Femke ta raɗa mata.

"Lafiya lau. Zauna daidai."

Ba ta rufe baki ba jiniya ta ɗauka, tana hawa tana sauka.

Kofin Ewald ya faɗi ya tarwatse. Tsohon da ya shigo yana dogara sanda ya miƙe zumbur, fuskarsa fara fat, ya waiga hagu ya waiga dama, ya fita falon da sauri. Henning ya dafe kai.

"Wayyo! Na manta ban gaya masa ba! Sori Femke, ni na saba da ita har ba na jin ta!"

Suka bi shi. Babu shi a tsakar gida, babu shi a ƙofar waje. Da Femke ta juyo sai ta ga kakarta tsaye a bakin ɗakin tsintsiya, hannunta kan mariƙin ƙofa, tana kallon ciki. Ewald ne a durƙushe a lungun, ya rufe kansa da hannuwa biyu, jikinsa na rawa. Gidan da bai taɓa shiga ba, amma ƙafafunsa sun kai shi daidai inda ya kamata.

Truus ta shiga, ta ja ƙofar, ba ta rufe ta duka ba. Femke ta matso ta kasa kunne. Abin da ta ji ya sa ta riƙe hannun Henning gam: kakarta na magana da Jamusanci, tsaf, kamar ba ta taɓa daina yin sa ba. Femke ta yi shi a makaranta, kuma zama da Henning ya ƙara mata, don haka ba kalmar da ta wuce ta.

"Gwaji ne kawai. Duk wata suna yi. Matsa, nan wurina ne."

"Ki gafarce ni, Madam... ban san lokacin da na..."

"Na sani. Riƙe wannan." Suka ji ƙarar sandar tsintsiya. "Uwata ta ce idan hannu na riƙe da wani abu, ba ya rawa sosai. Ƙarya ne, amma riƙe."

Jiniya ta yi shiru. Ba wanda ya fito.

"Shekararka nawa lokacin da aka yi wa garinku ruwan bama-bamai?" in ji Truus.

"Tara."

"Wa ka rasa?"

"Ƙanwata, Liesel. Ina riƙe da hannunta muka fito titi. Ke fa?"

"Uwata. Ta tura ni ƙarƙashin matakala, ta koma ɗauko ƙanena."

Sannan Ewald ya ce, "Namu ne suka fara. Ban zo in ce naki da nawa ɗaya ba ne."

"Da ka ce haka, da na kore ka da tsintsiyar nan. Waɗanda suka tuƙa jiragen ban yafe musu ba, kuma ba zan yafe ba." Ta ja numfashi. "Amma kai ba ka tuƙa jirgi ba."

"Ni a lokacin ko keke ban iya ba."

Sai Femke ta ji wani sauti da ta ɗauka kuka ne. Ashe dariya ce, dariyar tsofaffi biyu a cikin duhu, mai haɗe da jan majina.

Da suka fito, Truus ta gyara gashinta, ta dubi jikarta da ke share hawaye. "Me kike kallo? Yau kin ga yadda ake gyaran tsintsiya. Share mini fasasshen kofin can."

Aka sake zuba kofi. Truus ta sauko da gwangwani, ta buɗe, ta ajiye shi tsakiyar tebur, murfin kuwa ta kife shi a gefe. Femke ta dubi murfin, ta dubi kakarta. Tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin haka ba.

"Ɗauki wani," tsohuwar ta ce wa Henning.

"Na gode, Madam Kooi..."

"Madam ɗin me? Kai ba ka da kunya ne, kana shirin ɗauke mini jika kana ce mini Madam? Oma za ka ce. Amma maganar keke tana nan!"

An ɗaura auren da bazara, kuma kujerar Truus ba ta zauna babu kowa ba. Tana sahun gaba, Ewald na gefenta.

Ku yara masu tasowa, ku lura da kyau. Da Femke ta yi fushi ta bi son ranta, da ta sami miji ta rasa kaka. Da Henning ya mayar da baƙar magana, da ƙofar nan ba ta buɗu ba. Haƙurinsu ne ya kai su ranar. Idan kuka ga babba ya kafe a kan abin da ba ku gane ba, kada ku yi saurin kiransa mai taurin kai. Sau da yawa akwai wani ɗan ƙaramin ɗaki da yake shiga shi kaɗai, wanda ba ku taɓa leƙawa ba.