Kwana Arba'in na Jar Motar Nazeer

Aisa tana tsakar gida tana gyaran zogale da la'asar sai ƙarar ta iso. Daga bakin titin Yakasai take tasowa, ta ratso lungu uku ta shigo har madafi, kaji su watse, jaririn maƙwabta ya farka. Duk unguwa an san ma'anarta: Nazeer ya zo zance. Umma ta dubi 'yarta ta gefen ido ta ce ta tashi ta shirya, ga jirginta nan ya sauka. Aisa ta yi kamar ba ta ji ba, amma ganyen da ke hannunta ya sha matsa.

Shekara biyu ke nan Nazeer yana neman ta. Saurayi ne mai hankali, yana da ɗan shagon gyaran waya, manyansa sun kai gaisuwa an karɓa, saura sa rana. Har ɗaki biyu ya ɗora a saman gidansu, gini ya kai linta, rufi kawai ya rage. To kuɗin rufin nan ya ɗauka wata Asabar ya tafi sayen kwano, ya dawo da mota.

Motar ja ce, ƙofa biyu, kujera biyu, cikinta na neman shafar ƙasa, kuma ta girmi Aisa da shekara uku. Wanda ya sayar masa ya rantse wata tsohuwar Baturiya ce kaɗai ta taɓa hawanta, ita ma sai ranar da ba a ruwa. Aisa ta tambaye shi ina kwanon, ya shafa bayan motar ya ce, "Classic ce fa, Aisa. Irinta uku ne a duk Arewa. Nan da shekara kuɗinta zai ninka."

Abin da ya ninka dai shi ne hidimarta. Tana shan mai kamar rami ake zuba wa. Baƙin manta na musamman ne, tayarta ba a samu a kasuwar Ƙofar Ruwa sai an aika Legas. Ba ta shiga lungun gidansu, don haka a gidan mai take kwana, mai gadi yana karɓar nasa duk wata. Kowane tudun rage gudu da ke titi sai ta gaisa da shi da salansa. Bakanike guda ne a gari ya yarda zai taɓa ta, wani Ɗantani, shi kuwa cikin wata biyar ya sake fentin garejinsa ya yi wa matarsa haƙorin Makka.

Mahaifin Aisa, Malam Modu, jikan mutanen Barno ne, dillalin riɗi da wake a kasuwar Dawanau. Mutum ne da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, abin da ya sa ake tsoronsa ke nan. Ran nan da Nazeer ya iso, maimakon a turo Aisa, sai malam ya sa aka shigo da shi zaure. Aisa ta lallaɓo ta tsaya bayan ƙyaure.

Malam ya yaba motar sosai, ya ce launinta ya yi masa. Sannan ya ce shi bai san harkar mota ba, amma ya san harkar riƙo, kuma yana so ya ga yadda Nazeer ke riƙe abin da ya ɗauko kafin ya ba shi wani. Saura wata huɗu azumi. Kullum da safe Nazeer ya zo ya kai shi Dawanau, shi zai dawo da kansa. In motar ta yi kwana arba'in a jere bakanike bai taɓa ta ba, a ranar za a sa rana. In an ga watan azumi ba ta cika ba, za a mayar wa manyansa kayansu cikin mutunci.

Nazeer ya yi dariyar jin daɗi ya ce ai Baba ya sauƙaƙa. Aisa a bayan ƙyaure ta dafe kai. Ita ta san motar, ta sha jin labarinta fiye da labarin aurenta.

Aka fara. Kowace safiya malam ya tattare babbar riga ya durƙusa ya shiga, gwiwoyinsa a haɓa, hularsa a cinya don rufin ba ya barin ta a ka. Kowace yamma bayan magariba ya zauna kan buzunsa ya ci dabino, ya kira Aisa. Sunan mahaifiyarsa gare ta, don haka bai taɓa kama sunanta ba.

"Uwata, motar ta wuni lafiya?"

In ta ce lafiya, sai ya jefa ƙwallon dabino ɗaya a wani kofin silba da ke gefensa. Bai taɓa tambayar kowa ba sai ita, bai kuma taɓa bincikar amsarta ba.

Ranar kwana na tara, lagireto ya tafasa a gosulon Ƙofar Dawanau, hayaƙi ya tashi har masu rake suka matsa da baronsu. Malam ya fito a natse ya sa hula ya tare adaidaita sahu. Da yamma ya juye kofin a tsakar gida. Karo na biyu an kai sha shida, sai giya ta maƙale a ta biyu, suka je Dawanau suna kuka kamar injin markaɗe. Karo na uku kwana huɗu kacal, ƙofar ɓangaren malam ta ƙi buɗewa, sai ta taga aka zaro shi gaban abokan cinikinsa, ƙafa farko. Ya dai juye kofi.

Aisa ta rame. Ƙawayenta da aka kai gaisuwarsu bayan tata har an fara rabon ankonsu. Gwaggonninta kuwa kullum da zancen da za su kawo: wannan ta ce wane irin miji ne zai sayi motar da ba za ta ɗauki ko uwar amarya ba, waccan ta ce ɗan mijinta yana nan, injiniya, motarsa ƙofa huɗu. Umma ma da ke son Nazeer ta koma cewa Allah Ya zaɓa abin da ya fi alheri, kuma Aisa ta san inda wannan addu'ar ta dosa.

Ta roƙe shi ya sayar. Ta yi da lallashi, ta yi da fushi, ta yi da kuka. Kullum amsarsa guda: matsalar ƙarshe ke nan, Ɗantani ya ce in aka canza wannan shi ke nan ta zama sabuwa. Wata rana ta ce masa ita fa ta gaji da sauraron lafiyar ƙarfe, ko sau ɗaya ya tambaye ta yadda ta kwana kafin ya gaya mata yadda motar ta tashi. Ya ba ta haƙuri da gaske, har idonsa ya kawo ruwa. Bayan minti biyar ya koma zancen fulogi.

Sai kuma abin mamaki, karo na huɗu mota ta kama hanya. Ashirin, talatin, talatin da biyar. Nazeer ya daina gudu, ya daina kunna sanyi, in ya hango rami sai ya sauka ya duba shi da ƙafa. Aisa ta fara cin abinci. Umma ta ciro akwatin da ta tura ƙarƙashin gado ta kakkaɓe.

Ranar kwana na talatin da bakwai, saura mako biyu a fara duban watan azumi, Nazeer ya zo zance bayan la'asar. Ya yi wanka ya fesa turare, amma ƙarƙashin turaren akwai warin fetur, kuma gefen farcensa baƙi ne. Aisa ta dubi hannun, ta dube shi. Shi ya fara zuba da kansa. Wai bayan ya sauke Baba, a hanyar dawowa wajen Kurna, famfon mai ya tsaya. Ya tura ta bayan wata katanga ya kira Ɗantani, cikin awa guda aka gyara. Ba wanda ya gani.

"Kwana uku ya rage, Aisa. Please. In aka juye kofin nan yau, babu sauran arba'in kafin azumi. Ki ce lafiya kawai. Kalma ɗaya ce."

Gaskiyarsa ne, kalma ɗaya ce, kuma ta fi shi son a sa ranar nan. Ta tuna injiniyan gwaggo, ta tuna shekara biyu. Hawaye ya zubo mata, na takaici, don ita ba ta sayi mota ba, ba ta sa sharaɗi ba, amma ga shi kayan duk a kanta aka sauke.

"Ka cinye kuɗin rufi na yi shiru," ta ce. "Ka mai da ni abin zance a dangi na yi shiru. Yanzu kuma bakina kake so ka kai wa Ɗantani ya ɗaure da waya? Mutumin nan Uwata yake ce mini, Nazeer. Ba zan tona ka ba, amma wallahi ba zan ce lafiya ba. Ka zo da safe ka faɗa masa da bakinka."

Ta shige gida ta bar shi da lemon da ko buɗewa bai yi ba.

Bayan magariba malam ya ci dabinonsa ya yi tambayar da ya saba. Aisa ta durƙusa ta ce Baba ya tambayi Nazeer gobe. Malam ya dube ta jim kaɗan, ya ajiye ƙwallon a gefen buzu, ya ce ta je Allah Ya yi mata albarka.

Da safe ba a ji ƙara ba. A ƙafa Nazeer ya zo, ya zube a zaure ya faɗi komai, har da roƙon da ya yi wa Aisa. Malam ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce ai kafin azahar jiya mutum bakwai suka ba shi labari a kasuwa, biyu ma da hoto a waya. Jar mota mai ƙofa biyu, wace katanga ce za ta ɓoye ta a Kano?

"Na ji daɗi da ka zo," in ji malam. "Amma ba ka cika sharaɗi ba. Kada ka ƙara zuwa zance."

Aisa ta yi kuka ranar har Umma ta taya ta. Ta jira a ɗauki kaya a mayar, ba a ɗauka ba. Ba a kuma ce an fasa mayarwa ba. Haka aka shiga azumi, tana dama kunu tana soya ƙosai da ido a kumbure. Nazeer ya yi ta kiran wayarta, sau ɗaya ta ɗauka ta ce Baba ya hana zance, kuma ita a wurinta waya ma zance ce. Gwaggo ta turo injiniya da kayan shan ruwa, Aisa ta gaishe shi da ladabi ta koma madafi.

Labarin Nazeer sai a bakin mutane take ji. An ce ya sa motar a kasuwa, masu zuwa kallo da ɗaukar hoto sun fi ɗari, mai taya ko ɗaya babu. Wanda ya ce masa irinta uku ne a Arewa ya daina ɗaga waya. A ƙarshe masu fasa motoci suka saya, aka yi mata gunduwa-gunduwa, abin da aka ba shi bai kai rabin kuɗin kwanon da ya tashi saya tun farko ba, ga shi kwano ya ƙara tsada. An ce ya tsaya har aka cire kujerun, sannan ya juya ya tafi bai waiwaya ba. Daga nan kullum yana shago tun safe, in ya samu na kwano biyar ya sayo biyar, ya ɗora a ka ya shiga lungu da su, da azumi a bakinsa.

Kwana shida bayan Sallah, malam ya dawo daga masallacin Juma'a ta wata hanyar da ba tasa ba. Ya tsaya a ƙofar gidan su Nazeer ya ɗaga kai. Ɗaki ɗaya an rufe, ɗayan rabi. Ya iso gida ya zauna, ya ce wa Umma ta aika a gaya wa manyan yaron nan su zo jibi, ɗaki ɗaya ya ishi mutum biyu su fara. Aisa tana wanke-wanke ta ji, kwanon da ke hannunta ya suɓuce, ta bar shi yana ta juyi a ƙasa.

Umma ta kasa haƙuri ta tambaye shi, to sharaɗin arba'in fa? Malam ya ce shi tun ranar da aka zaro shi ta taga ya san ko kwana arba'in ɗin ta cika, na arba'in da ɗaya tana gareji. Yana jira ne ya ga ranar da yaron zai gaji da yi wa kansa ƙarya, ya kuma ga ko 'yarsa za ta taya shi yi.

An ɗaura aure bayan Babbar Sallah. A motar haya mai cin mutum goma sha takwas aka kai amarya, gwaggonni sun cika ta har ƙofa, kowacce na cewa ita dama tun farko ta san yaron kirki ne.

To samari, ni ban hana ku son abin hawa mai kyau ba. Amma kafin ku tambayi kuɗin saye, ku tambayi kuɗin riƙo, don saye rana ɗaya ne, riƙo kuwa kullum ne, kuma wani lokacin ba aljihu kaɗai yake ci ba, har da mutanen da ke jiran ku. Ku kuma 'yan mata, in wanda kuke so ya roƙe ku ƙarya don a gaggauta aure, ku tuna Aisa. Kalma ɗaya ta hana shi, ta biya da kusan wata biyu na kuka, ta shiga ɗakinta babu abin da take ɓoye wa ubanta, mijinta kuma ya san tun daga ranar irin matar da ya samu.