Muryar Ya'u a Cikin Kwamfuta

Inna Zubaida na tankaɗe a tsakar gida, a unguwarsu ta kusa da Kusugu, lokacin da muryar ɗanta Ya'u ta fito daga ɗakin Haulatu.

"Inna, la'asar ta yi."

Rariya ta suɓuce mata. Shekara guda ke nan da binne Ya'u, bayan haɗarin babur a hanyar Mai'adua.

Haulatu, ƙanwarsa, tana ajin farko a jami'a, tana karatun injiniya. Ta zo hutu da assamen na firogiramin, wato aikin rubuta wa kwamfuta umarni, sai Munzali, aminin marigayin kuma wanda aka sa musu rana, ya kawo mata kwamfutar da suka yi karatu da ita shi da Ya'u. Ita kanta ba ta san abin da ke ciki ba. Daga cikin kwamfutar nan muryar ta fito.

Kafin magariba Goggo Kulu, yayar Baba mahaifin su Haulatu, ta iso, kuma ita ba ta zuwa wuri a tashi lafiya. Ta rantse Munzali maye ne, ya kama kurwar yaron ya kulle a cikin ƙarfe. In ba haka ba, ta yaya mamaci zai san lokacin sallah? Munzali ya durƙusa a zaure ya yi bayani, cewa aikin aji ne Ya'u ya rubuta, ya naɗi muryarsa don ya tsokani Inna. Wa zai saurari wanda ake zargi? Baba ya kulle kwamfutar a akwati, ya ce maganar aure a dakata.

Abin ya yi muni ƙwarai. Mata suka daina sayen ƙuli-ƙulin mahaifiyar Munzali, ana janye yara idan ya wuce. Danginsa suka ce a kai ƙara kotun shari'a kan ɓata suna, ya ƙi, ya ce ba zai tsayar da uwar Ya'u gaban alƙali ba. Inna kuwa duk la'asar sai ta zauna ta zuba wa akwatin ido, har ta rame.

Haulatu ta koma makaranta da kuka. A da firogiramin tsoro yake ba ta, ita lissafi da zanen inji take so. Yanzu ta naƙalce shi kamar za ta cinye, ta koyi yadda ake sa na'ura ta duba agogo, ta jira, ta saki sauti. Ko sau ɗaya ba ta saɓa wa Baba ta nemi Munzali ba, duk da kewarsa na cin ta.

Da ta dawo hutu ta roƙi Baba a buɗe akwatin gaban kowa. Ta sa Goggo Kulu ta yi magana kusa da kwamfutar, Goggo ta ja tsaki ta ce, "Ni ba na magana da aljanu." Haulatu ta naɗi maganar, ta canza layi biyu a firogiramin ɗin Ya'u, ta matso da lokaci. Can sai ga muryar Goggo, har da tsakin, tana fitowa daga ƙarfen.

Goggo ta dafe ƙirji tana salati, ga ta nan da ranta da kurwarta.

Babu wanda ya yi dariya. Inna ta nemi a sa mata Ya'u sau ɗaya. Ta saurara har ƙarshe, hawaye na zuba.

"Ashe wasa ɗana yake min," ta ce. "Ki goge, Haulatu, addu'a yake buƙata. Miƙo min mayafina."

Da ƙafarta ta taka har gidan su Munzali, ta durƙusa wa mahaifiyarsa a gaban matan unguwa. Bayan sallar layya aka ɗaura aure.

Wanda bai fahimci abu ba ya yi tambaya kafin ya ɗora wa bawan Allah sunan da zai bi zuri'arsa. Haƙurin yaran nan biyu ne ya wanke gida guda.