Mutuwar Dee Kalu a Bakin Makirfo

Da hantsi aka kira Sufeto Okoroafor zuwa wani ɗakin naɗar waƙa a Aba. Ya tarar da gawar Dee Kalu a ƙasa, leɓɓansa a ƙone, makirfo na lilo a kansa.

Dee Kalu, wato Yaya Kalu a bakin mutanen yankin, shi ne mawaƙin Agu Ise, wato Damisa Biyar, 'yan kiɗan rok da suka girgiza Gabas bayan yaƙin basasa, daga baya suka watse. Uku ne suka rage a raye, suka haɗu da furfurarsu don su naɗi sabon faifai. Yanzu saura biyu.

Mazi Ukaegbu mai ganga, ɗaya daga cikin biyun, na zaune a baranda, zufa ta jiƙe masa riga.

"Ɗana, sai da na ce kada mu tono sunan nan," in ji shi. "Biyu suna kabari, mu ce mu biyar ne? Matattu ne suka zo. Ni ne na gaba."

Sufeto ya durƙusa bayan na'urar sauti. An yanke wayar da ke kare mutum daga jan wuta, an haɗa wata da ƙarfen makirfo. Yankan duk ya tauna, kamar an yi ta kuskure kafin a samu.

"Mazi, matattu ba sa riƙe filaya," ya ce.

Tsohon bai ji sanyi ba. Ya dubi ƙofa.

Madam Ugochi, mai ɗakin, ta rantse babu wata rigima tsakanin dattawan.

"To me ya sa muryarki ke rawa?" in ji Sufeto.

"Oga, mutum ya mutu a gabana."

"Kina so a ce wayoyinki ne suka kashe shi?"

Nan ta saki. "Dee Kalu ne ya sa na goge duk jitar da Dee Anyanwu, na ukunsu, ya kaɗa, aka ɗauko wani ya maimaita a ɓoye. Ya ce idan faifai ya fito zai faɗa wa duniya."

"Na'ura na ɗauka lokacin da ya faɗi?"

Ta kunna da ƙyar. Ganga ta shigo, jita ta biyo. Sai jitar ta yanke. Wata murya can ƙasa ta ce, "Kalu, dakata." Bayan nan ƙara ta tashi. Madam Ugochi ta toshe kunnuwanta.

Sufeto ya sami Dee Anyanwu a gidansa, hannayensa cikin aljihu.

"Ban ga komai ba. Idona na kan jita har ya faɗi."

Matarsa ta kawo goro a faranti. Sufeto ya tura masa.

"Babba ke fasa goro, Dee."

Tsohon ya daɗe yana kallon farantin. Da ya fito da hannu, yatsun na karkarwa kamar ganye. Goron ya suɓuce, ya gangara ƙarƙashin kujera.

"Hannun da ya yanke wayar nan ma haka yake rawa," in ji Sufeto. "Kuma na ji muryarka. Ya aka yi ka san ya kamata ya dakata?"



"Ni na koya masa riƙe makirfo," in ji Anyanwu a hankali. "Ranar nan na ji faifan, na ji hannun wani a waƙata. Kalu yana kallona yana cewa, 'Ɗan'uwa, har yanzu kana nan,' alhali ya san ba hannuna ba ne. So na yi wutar ta ɗan fizge shi, ya ji yadda jiki ke cin amanar mutum. Da na ga ya matso, tsoro ya kama ni. Na makara."

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya matso da ankwa. Sai da ya riƙe hannayen gam kafin ta shiga, kuma har suka kai mota ƙarfen bai daina kaɗawa ba.