Rabin da Bai Narke Ba

Ranar Talata da safe, bayan hutun kwana uku, Bronwyn Quill ta buɗe ɗakin sanyi na ƙaramar cibiyar binciken cututtukan fata da ke bayan garin Townsville, sai takalminta ya faɗa cikin ruwa. Babbar firizar da ya kamata ta nuna digiri tamanin ƙasa da sifili tana tsaye shiru kamar kabad. An zare filoginta daga bango. An kuma cire wayar ƙararrawar da ke kiran ma'aikata idan sanyi ya fara raguwa.

Kafin ƙarfe tara Sajan Kerryn Vassallo ta iso. Shekararta goma sha tara tana aikin 'yan sanda, ta ga abubuwa iri-iri, amma yau ne ta fara ganin manyan mutane masu digiri sun kewaye firiza suna zaman makoki. Ta so ta yi dariya. Da shugabar binciken, Dakta Ngaire Pellow, ta yi mata bayani, dariyar ta koma ciki.

Mutum arba'in ne ke cikin gwajin, dukansu masu soriyasis, cutar da garkuwar jiki ke juyowa kan fatar mai ita, ta sa ta kumbura, ta yi ja, tana saɓa tana ƙaiƙayi har mutum ya kasa barci. Shekara huɗu ana yi musu wata sabuwar allura. Duk bayan wata shida a yanki fatar kowa kamar ƙwayar wake, a sa a 'yar kwalba, a daskarar. Waɗannan 'yan yankunan su ne shaidar cewa allurar tana kashe kumburin daga tushe. A wannan makon za a fara auna su gaba ɗaya, kuma ƙarshen wata kwamitin da ke sa ido zai zauna. In babu shaida za a rufe gwajin, allurar ta tsaya.

"Akwai wata Glenys cikin masu gwajin, daga garin Ayr, matar manomin rake," in ji Ngaire. "Bara ta fara sa riga mai gajeren hannu, bayan shekara ashirin. Me zan ce mata?"

Kerryn ta koma kan aikinta. Ta tambaya yaushe aka kashe firizar. Akwai 'yar na'ura mai batir a jikinta da ke rubuta sanyin ciki, ita ta nuna cewa ƙarfe huɗu da minti goma na yammacin Juma'a wuta ta yanke. A lokacin kusan kowa yana tsakar gida ana gasa nama, ana shan giya da lemo, ana taya Ngaire murnar zama farfesa. Ita kanta tana tsaye tana jawabi a gaban mutum talatin. Banda ita, mutum uku ne ke da makullin ɗakin: Bronwyn mai kula da ɗakin gwaji, Dakta Desmond Tranter abokin aikin Ngaire, da Sione Fifita mai shara.

Tun kafin Kerryn ta fito da littafinta mutum biyu sun riga sun raɗa mata sunan mai shara. Haka abin yake a ko'ina, in abu ya lalace a gidan masu ilimi, sai a fara waiwayar wanda ke riƙe da tsintsiya. Wai ƙila ya zare filogin ne ya jona injin zuƙe ƙura, ya manta bai mayar ba.

Sione ƙato ne mai sanyin magana. Bai yi musu ba, ya ɗauko injin nasa ya kai bakin bango, ya nuna mata cewa soket ɗin firizar daban ne, mai zobe da ake murɗawa, filoginsa ko kusa ba ya shiga.

"Kuma Sajan, ni ƙarfe biyu na tashi ranar Juma'a. 'Yata ce ke buga wasa a Ingham. Ki tambayi duk wanda ya zauna kusa da ni, har yanzu kunnensa bai dawo daidai ba."

Ta buga waya biyu, ta soke sunansa.

Bronwyn ta fi shi wuyar sha'ani, domin ba ta ɓoye haushinta. Shekara huɗu ita ke daskarar da kwalaben nan, ita ke kiran marasa lafiya in sun manta ranarsu, amma a takardar binciken da aka buga bara sunanta yana can ƙasa wajen godiya, tare da kamfanin da ya gyara na'urar sanyaya ɗaki.

"Kina jin ƙyashin Dakta Pellow?" Kerryn ta tambaya.

"Ina ji mana. Wa ba ya ji a ginin nan? Amma ni in zan rama, kofinta zan ɓoye, ba fatar Glenys zan ruɓar ba."

Hotunan da mutane suka ɗauka a wayoyinsu sun nuna ta tsaye a bakin wuta tana juya nama daga huɗu saura har huɗu da rabi, fuskarta a murtuke. Ita ma Kerryn ta soke sunanta.

Saura Desmond Tranter. Dattijo ne mai shekara sittin da ɗaya, dogo, mai tsabtar riga. Ya ce kansa ya yi ciwo a tsakiyar jawabin, ya hau ofis ya kwanta a kujera, ba wanda ya gan shi. Sai dai shi ma yana da akwati huɗu a cikin firizar, kuma duk ginin ba wanda ya kai shi kukan asara. Ya faɗa wa Kerryn sau uku cewa aikinsa na shekara huɗu ya zama ruwa. Ya kuma tuna mata cewa dokar lafiya ba ta yarda a bar ruɓaɓɓen naman mutum a fili ba, gara a kai duka a ƙone kafin azahar. Kerryn ta ga kamar mutum ba zai cinna wa gidan maƙwabci wuta ba alhali kayansa na ciki, har ta ɗora biro a kan sunansa. Ba ta soke ba tukuna.

Abin da ya tsayar da hannunta a ɗakin sanyi ta gan shi. Ngaire ta jera akwatunanta huɗu a kan teburi, tana ɗaga kwalabe ɗaya bayan ɗaya a gaban fitila, ko za ta ga wadda ta tsira, ga wari ya cika ɗakin. Bronwyn na gefenta tana yin haka da nata 'yan kayan. Akwatunan Desmond kuwa suna ƙarshen teburin a rufe, tun safe bai ɗaga murfin ko ɗaya ba.

Kerryn ta sa safar hannu ta buɗe su. Kwalabe ne reras, kowace da lambar mara lafiya da kwanan wata, da rubutunsa mai kyau. Ta dubi na Ngaire, ta sake duban nasa. A akwatunan Ngaire, uku na farko murafen kwalaben farare ne, na huɗun ne kawai ruwan lemo. Na Desmond kuwa daga farko har ƙarshe ruwan lemo ne.

Ta tambayi Bronwyn ko kalar murfin tana da wata ma'ana. Bronwyn ta ce babu, kawai dai kamfanin da ke yin masu farin murfi ya daina yi, tun watan Maris na bara aka koma sayen waɗannan. Tana cikin faɗa ta ɗauki kwalba ɗaya daga akwatin Desmond, ta karanta kwanan watan da ke jiki, na shekara huɗu da suka wuce, ta dubi murfin. Sai ta miƙa wa Kerryn kwalbar.

"Ba zai yiwu ya sake musu kwalabe daga baya ba?" in ji Kerryn.

"Ba a yi. In kika fito da yanki don ki sake masa kwalba, ya fara narkewa ke nan. Des da kansa ya kusa korar wata ɗaliba a kan haka."

"Firiza irin wannan nawa ce a ginin?"

Biyu ne. Ɗayar tana hawa na ƙasa, wajen masu binciken cututtukan kifi da ke haya a can. Shugabansu ya ce e, mako uku da suka wuce Dakta Tranter ya roƙi aron ɗan wuri, ya ce tasu ta cika, kuma ranar Juma'a da rana ya sauko da kaya a cikin akwatin ƙanƙara. Tsakanin masu bincike wannan ba abin tambaya ba ne, kamar aron gishiri ne wajen maƙwabta. A can bayan wasu hantar kifi Kerryn ta sami akwati huɗu babu suna, sun daskare kamar dutse. Uku masu farin murfi, ɗaya ruwan lemo.

A ofishinsa ta same shi. A jikin allon sanarwa na baranda an manna shafin jarida mai hoton Ngaire tana murmushi, a gefen hoton ana ganin kafaɗar wani da rabin tabarau. Kerryn ta ajiye kwalba ɗaya mai murfi ruwan lemo a kan teburinsa.

"Dakta, mene ne a cikin wannan?"

"Fatar mara lafiya mai lamba goma sha bakwai."

"An sa ta a ƙarƙashin madubin ƙara girma yanzu. Bronwyn ta ce akwai ramin gashin tsuntsu a jiki. Lamba goma sha bakwai kaza ce?"

Desmond ya zuba wa kwalbar ido. Ta jero masa abin yadda ya faru, ba tare da ta ɗaga murya ba. Mako uku ya yi yana rubuta kwalabe ɗari uku da ashirin, yana saka fatar kaza a ciki, don in komai ya narke a gan shi cikin masu asara. Ya tuna da lambobi, ya tuna da kwanan wata, bai tuna cewa kwalaben da ke cikin sito yanzu babu su a duniya shekara huɗu da suka wuce ba. Ranar Juma'a ya saukar da na gaskiya ƙasa, ya jira har kowa ya taru wajen jawabi, ya cire wayar ƙararrawa da ma'aikaci kaɗai ya san inda take, ya murɗe filogi. Ya zaɓi hutun kwana uku don kada kowa ya leƙa. Shi ya sa yake gaggawar a ƙone.

"Da ka bar naka sun narke tare da nata, da ban da abin da zan kama ka da shi," in ji ta.

Desmond ya cire tabarau ya riƙe. Da ya fara magana, ba ta firizar ya fara ba. Ya ce shi ya ɗauki Ngaire aiki tana yarinya sabuwar gama karatu, shi ya koya mata yadda ake yankar fata ba a ji wa mutum ciwo ba. Tunanin allurar nan a motarsa aka fara yin sa, a hanyar dawowa daga Cairns, shi yana tuƙi ita tana rubutawa a bayan rasitin man fetur. Amma ita ta iya tsayawa gaban mutane, ita ake kira a rediyo, ita aka ba kujerar da ya nema sau biyu.

"Kin ga hoton da ke baranda? Kafaɗata ce. Shekara talatin da huɗu ina wannan aiki, abin da ya shiga jarida ke nan. Ranar Juma'a shugaban cibiya ya gode wa kowa, har masu gasa nama, ni ya ce da ni Dennis."

"Amma ai kafin Juma'a ka fara rubuta kwalaben."

"Kafin nan ne. Tun ranar da aka sanar ita aka ba kujerar. Kullum in na gan ta a baranda sai in ji wani abu ya tokare ni a nan." Ya taɓa ƙirjinsa. "Ban ƙi ta ba, Sajan. So nake sau ɗaya in gan ta ba ta da abin cewa."

Kerryn ta tambaye shi me ya yi niyyar yi da waɗanda ya ɓoye, tunda ranar da ya fito da su ranar zai tona kansa. Ya ce ya sani, tun farko ya sani. Ya tsaya a gaban firizar da niyyar barin su, hannunsa ne ya ƙi.

Ta bar shi da wani kurtun ɗan sanda a bakin ƙofa, ta sauka ƙasa. Ngaire tana durƙushe gaban firizar masu kifi da safar sanyi a hannu, tana karanta lambobi tana kuka. Kerryn ta ɗauka baƙin ciki ne, ashe ba shi kaɗai ba ne. Ngaire ta ce tun ranar farko Desmond ya kafa doka cewa duk yankin da aka ɗauka a raba shi biyu, rabi nata na auna allurar, rabi nasa na wani binciken da yake yi a kan ƙwayoyin garkuwa. Ta sha yi masa ƙorafi cewa yankin ya yi ƙanƙanta a raba, bai taɓa saurararta ba. Abin da ya ɓoye a nan shi ne ɗaya rabin na mutum arba'in ɗin, cif, babu wanda ya ɓace. Zai isa a auna kafin kwamitin ya zauna.

Da aka fito da Desmond za a sa shi a mota, ya tsaya a bakin ƙofa ya tambayi Kerryn ko kwalaben sun sami matsala da aka buɗe. Ta ce lafiyarsu ƙalau, Dakta Pellow za ta hau da su sama da zarar firizar ta yi sanyi, da su za a gama gwajin.

Ya ɗan jima yana kallon tagar hawa na biyu.

"Ki ce mata kada ta wuce minti biyu da su a waje," ya ce. "Kuma ta fara da akwati na uku, sun fi kyau." Ya sunkuya zai shiga motar, sai ya ƙara da cewa, "Wannan karon ko kafaɗar ma ba za ta fito ba."